Kundin Aukuwa a Manhajar Yanar Gizo: Haɗa Shaidar Uwar Garke da ta Burauza

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kula da manhajar da jama'a ke amfani da ita ta intanet ya san ƙorafin da ya fi kowane yawa, watau mutum ya zo ya ce ya danna maɓalli amma ba abin da ya faru. Mai kula da manhajar ba ya nan sa'ad da abin ya auku, kuma sau da yawa in ya gwada da kansa sai ya tarar kome na tafiya daidai. Ba shi da abin dogara sai abin da manhajar ta rubuta da kanta a lokacin da take aiki.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin yadda ake tattara irin wannan rubutu daga ɓangarori biyu na manhajar yanar gizo, watau uwar garke da burauza. Za mu nuna cewa kowane ɓangare rabin labari kawai yake da shi, sa'an nan mu duba abubuwa uku da ake bukata kafin rabi da rabi su haɗu su zama labari guda. Daga ƙarshe za mu tattauna haɗurran da ke tattare da karɓar saƙo daga na'urar da ba a hannunmu take ba.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku. "Uwar garke" ita ce kwamfutar da ke zaune a cibiya, tana karɓar buƙatu daga nesa tana mayar da amsa. "Burauza" kuwa ita ce manhajar da ke cikin waya ko kwamfutar mai amfani, wadda yake buɗe shafuka da ita, kamar su Chrome da Firefox da Safari. "Kundin aukuwa" shi ne jerin saƙonnin da manhaja ke rubutawa game da abin da ta yi da abin da ya same ta.

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran wannan kundi da ita daga matuƙan jiragen ruwa ta samo asali. A da, sukan ɗaura guntun katako a igiya mai ƙulle-ƙulle su jefa a ruwa domin su auna gudun jirgi, su rubuta sakamakon a littafi, har littafin ya ɗauki sunan katakon. A wajenmu, abin da ya fi kama da shi shi ne littafin da mai gadi ke ajiyewa a ƙofar ma'aikata. Siffofinsa uku ne: ana rubuta abu a lokacin da ya faru, ana bin jeri, kuma ƙari ake yi a ƙasa, ba a komawa a goge na sama.

3.0 KUNDIN UWAR GARKE

Ajiye kundi a ɓangaren uwar garke tsohuwar al'ada ce. A shekarun 1980 Eric Allman ya ƙirƙiro tsarin syslog domin manhajarsa ta aika wasiƙu mai suna Sendmail, daga nan sauran manhajojin Unix suka ɗauka. An bayyana tsarin a rubuce a takardar RFC 3164 ta shekarar 2001, aka kuma daidaita shi a RFC 5424 ta 2009. Babban abin da muka gada daga gare shi shi ne kasa saƙonni mataki takwas gwargwadon tsananinsu, daga 0 zuwa 7. Mataki na 0 na nufin tsarin ya durƙushe gaba ɗaya, na 3 kuskure ne, na 4 gargaɗi, na 6 labari kawai, na 7 kuwa bayani ne filla-filla na mai neman inda matsala take.

Da yanar gizo ta zo, bayan shawarar da Tim Berners-Lee ya gabatar a cibiyar bincike ta CERN a 1989, sai uwayen garke na farko suka riƙa rubuta layi ɗaya a kan kowace buƙata. Sigar da ta shahara tana da gurabe bakwai, kuma har yau manhajoji irin su Apache na iya rubuta ta. Ga misalin da muka tsara:

192.0.2.7 - - [12/Mar/2024:10:14:02 +0100] "GET /biya HTTP/1.1" 200 5120

Layin na cewa na'ura mai wannan adireshi ta nemi shafin biyan kuɗi da ƙarfe 10:14, an amsa mata da lamba 200, watau kome lafiya, an kuma aika mata bayit 5120. Da shafin bai samu ba da an ga 404, da kuma uwar garke ce ta yi tuntuɓe da an ga 500. A wancan zamani wannan ya wadatar, domin kusan dukan aikin a uwar garke ake yin sa. Burauza ba ta da wani aiki sai nuna abin da aka miƙo mata.

4.0 YADDA AIKI YA ƘAURA ZUWA BURAUZA

Al'amarin ya fara sauyawa a 1995, sa'ad da Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro harshen JavaScript, wanda ya ba da damar a aika wa burauza umarni ta aiwatar da kanta. Bayan fitowar Gmail a 2004 da Google Maps a 2005, sai ya zama ruwan dare shafi ya riƙa magana da uwar garke a bayan fage ba tare da an sake buɗe shi ba. A yau manhajoji da yawa a cikin burauza suke duba fom, su yi lissafi, su zana abin da ake gani, sai ɗan abin da ya rage su aika cibiya.

Domin mu ga abin da wannan ya haifar, bari mu ɗauka cewa wani ɗalibi na ƙoƙarin biyan kuɗin makaranta da wayarsa. Ya cika fom, ya danna maɓallin biya, ya jira, bai ga kome ba. Abu uku na iya faruwa:

(a) Umarnin da ke cikin burauza ya ci karo da kuskure kafin ya aika buƙatar, wataƙila don burauzar tsohuwa ce ba ta san wani sabon umarni ba. A nan kundin uwar garke zai nuna an aika shafi lafiya da lamba 200, daga nan shiru.

(b) Buƙatar ta isa, uwar garke ta karɓi kuɗin ta mayar da amsa, amma layin sadarwa ya yanke kafin amsar ta iso. Kundin uwar garke zai ce an yi nasara, burauza kuwa ta ga gazawa, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Ɗalibin na iya sake dannawa, in ba a yi tanadi ba a cire masa kuɗi sau biyu.

(c) Buƙatar ta isa, uwar garke ta gaza, ta amsa da 500. A nan kaɗai ne kundin uwar garke ke da cikakken bayani.

Ashe ke nan, a cikin hali biyu daga ukun nan, wanda ya dogara da kundin uwar garke kaɗai zai rantse cewa ba wata matsala. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya faru cikin wayar ɗalibi, burauzarsa ce kaɗai ta gani. Wannan batu ya fi shafar wurare irin namu, inda yawancin jama'a da waya suke shiga intanet, layin sadarwa kuma yakan zo ya ɗauke.

5.0 KAWO SHAIDAR BURAUZA GIDA

Burauza na da nata wurin rubuta saƙo. Umarnin console.log da 'yan'uwansa, waɗanda manhajar Firebug ta Joe Hewitt ta yaɗa tun daga 2006, su ne masu tsara manhaja ke amfani da su kullum. Sai dai abin da aka rubuta da su a cikin na'urar mai amfani yake tsayawa, kuma da zarar ya rufe shafin ya tafi ke nan. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a kama saƙon, sa'an nan a aika shi.

5.1 Kamawa

Kuskuren da mai tsara manhaja ya yi tsammani, shi da kansa zai rubuta umarnin da zai kama shi. Wanda bai yi tsammani ba kuwa, burauza ta tanadi ƙofofi biyu. Ta farko ita ce window.onerror, wadda ke ba da saƙon kuskure da sunan fayil da lambar layi da gurbin da abin ya faru a cikin layin. Ta biyu ita ce unhandledrejection, wadda ke kama gazawar ayyukan da aka sa a bayan fage aka ce a dawo da sakamako daga baya.

Akwai tarnaƙi biyu a nan. Na ɗaya, in fayil ɗin umarni daga wani gidan yanar gizo dabam aka ɗauko shi, burauza kan ɓoye bayanin kuskuren saboda tsaro, sai an sa wa fayil ɗin alamar crossorigin, wancan gidan kuma ya ba da izini. Na biyu, kafin a saki manhaja akan matse umarninta domin ta yi sauƙin saukewa, a taƙaita sunaye a cusa dubban layuka cikin layi guda. Rahoton da ya ce kuskure na layi na 1, gurbi na 48,000, ba zai amfani kowa ba. Maganin wannan shi ne taswirar tushe, watau fayil da ke mayar da kowane gurbi na matsattsen umarni zuwa inda yake a asalin rubutun. Dole a ajiye taswirar kowane bugu na manhajar, kowane saƙo kuma ya zo da lambar bugun da ya fito daga gare shi.

5.2 Aikawa

Hanyar da aka saba bi ita ce a keɓe wani adireshi a uwar garke wanda aikinsa kawai karɓar saƙonnin kundi. Ba a aika kowane saƙo shi kaɗai, domin hakan na cinye data da batir na mai waya. Akan tara su, a aika a dunƙule bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko kuwa nan take in kuskure ne babba.

Wurin da ya fi wuya shi ne lokacin rufe shafi. Mutumin da manhaja ta ɓata wa rai rufewa yake yi ya tafi, alhali kuwa saƙonnin wannan lokaci su ne aka fi bukata. Buƙata ta yau da kullum na iya mutuwa tare da shafin. Domin haka aka tanadi umarnin navigator.sendBeacon, wanda ke damƙa wa burauza saƙo ta aika shi ko da shafin ya rufe, muddin abin da ke jiran aikawa bai wuce bayit 65,536 ba. A waya, lokacin da ya fi dacewa a kira shi shi ne sa'ad da shafin ya ɓuya daga allo, domin wayar na iya kashe burauza daga nan ba tare da wata sanarwa ba. In kuwa babu layin sadarwa sam, sai a adana saƙonnin cikin ma'ajiyar burauza har layi ya dawo.

6.0 HAƊA KUNDIN BIYU

Zuba saƙonnin ɓangarorin biyu a wuri ɗaya bai isa a ce an haɗa su ba. Sai an cika sharuɗɗa uku.

6.1 Siga ɗaya

Saƙon da aka rubuta da zube irin na hira mutum ne kaɗai zai iya karanta shi, kuma ba mutumin da zai karanta layi miliyan. Shi ya sa aka koma ga rubuta kowane saƙo da gurabe masu suna, galibi a sigar JSON: lokaci, da mataki, da ɓangaren da saƙon ya fito, da lambar bugu, da bayanin kansa. Wajibi ne sunayen gurabe da ma'anar matakai su zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Umarnin console.error na burauza ya yi daidai da mataki na 3 na syslog, console.warn da na 4, console.info da na 6, console.debug da na 7. Tun fitowar Node.js a 2009, wanda ya sa ana iya rubuta umarnin uwar garke da JavaScript, daidaitawar ta ƙara sauƙi, har akwai kayan aiki irin su Pino da ke aiki a ɓangarorin biyu.

6.2 Lambar shaida ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. A daƙiƙar da ɗalibinmu ya danna maɓalli, wasu mutane da yawa na iya danna irinsa. Ta yaya za a gane layin uwar garke da ya dace da layin burauzarsa? Amsar ita ce burauza ta ƙirƙiri wata doguwar lamba a lokacin da aikin ya fara, ta rubuta ta a kowane saƙo nata, ta kuma liƙa ta a goshin buƙatar da za ta aika. Uwar garke ta ɗauki lambar ta rubuta a nata saƙonni, in kuma ta nemi taimakon wata na'ura ta miƙa mata ita. Daidai yake da lambar fayil a ofis, wadda kowace takarda ke ɗauke da ita ko tebur nawa ta ratsa.

Kamfanin Google ya bayyana tsarinsa na wannan aiki mai suna Dapper a 2010. A 2019 aka haɗe ayyukan OpenTracing da OpenCensus suka zama OpenTelemetry, sa'an nan a 2020 ƙungiyar W3C ta amince da ƙa'ida guda, inda ake sa lambar a goshin buƙata ƙarƙashin sunan traceparent. Tana ƙunshe da lambar dukan aikin mai tsawon bayit 16, da ta matakin da ya yi kiran mai tsawon bayit 8. Da wannan lamba, hali na (b) da muka ambata a sama zai fito fili: a nema sau ɗaya, a ga uwar garke ta ce ta karɓi kuɗi, burauza kuma ta ce amsa ba ta iso ba.

6.3 Lokaci ɗaya

Agogon uwar garke akan daidaita shi ta hanyar tsarin NTP, wanda David Mills ya samar a 1985. Agogon wayar mai amfani kuwa ba mai iko da shi sai mai ita. Yana iya yin gaba ko baya da mintoci, ko ma da kwanaki. In aka jera saƙonni bisa agogo biyu da ba su yi daidai ba, sai a ga amsa ta riga tambaya.

Mataki na farko shi ne a rubuta kowane lokaci da agogon duniya na UTC, wanda agogon Nijeriya da na Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. Na biyu, burauza ta aiko da lokaci iri biyu, watau lokacin da abin ya faru da lokacin da ta aika saƙon, uwar garke kuma ta ƙara lokacin da ta karɓa. Alal misali, waya ta ce abu ya faru da 9:58:10, ta aika da 9:58:40, uwar garke ta karɓa da 10:03:41. Tazarar aikawa da karɓa minti 5 ne da daƙiƙa 1. In aka ƙara wannan a kan lokacin farko, za a samu 10:03:11 a agogon uwar garke, kuskuren da ya rage kuma bai wuce ɗan lokacin da saƙon ya yi a hanya ba. Na uku, kowane saƙo ya zo da lambar jeri, 1, 2, 3, domin a san wanda ya riga wani, a kuma gane in wani ya ɓace. Tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa a tsakanin na'urorin da ke nesa da juna, sanin abin da ya jawo wani ya fi abin dogara a kan abin da agogo ya nuna.

7.0 HAƊURRA

7.1 Shaidar da ba a yi wa rantsuwa ba

Adireshin karɓar saƙonni a buɗe yake ga duniya, kowa na iya aika masa abin da ya ga dama da sunan burauza. Mugu na iya cusa alamar sabon layi cikin saƙonsa, ya ƙirƙiri layin ƙarya mai kama da na uwar garke. Yana iya cusa umarnin da zai tashi sa'ad da ma'aikaci ya buɗe kundin a tasa burauzar. Abin da ya faru a watan Disamba na 2021 ya isa ishara. An gano cewa Log4j, kayan rubuta kundi da ɗimbin manhajojin Java ke amfani da shi, in aka ba shi wani irin rubutu ya shigar, sai ya je ya ɗauko umarni daga kwamfutar maharin ya aiwatar. An ba wannan rauni, wanda aka yi wa laƙabi da Log4Shell, maki 10 cikin 10 a ma'aunin tsanani. Darasin shi ne, duk abin da ya fito daga waje a tace shi, a ƙayyade tsawonsa, a kuma sa masa alamar cewa daga burauza yake. Shaidar burauza ta isa a bi sawun matsala da ita, amma ba a yanke hukunci a kan kuɗi ko haƙƙin wani da ita kaɗai.

7.2 Sirrin jama'a

Burauza na ganin duk abin da mutum ya rubuta a fom, har da kalmar sirri da lambar katin banki. In aka yi sakaci sai waɗannan su bi saƙon kuskure su shiga kundin da ma'aikata da yawa ke karantawa. A watan Mayu na 2018 kamfanin Twitter, wanda ya koma X a 2023, ya sanar cewa wata tangarɗa ta sa kalmomin sirri sun shiga wani kundinsa na cikin gida a bayyane, ya kuma nemi masu amfani da shi fiye da miliyan 330 su sauya nasu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, duk sun ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin kare su. Ya fi kyau a lissafa guraben da aka yarda su shiga kundi a hana sauran, maimakon a lissafa waɗanda aka hana, domin wanda aka manta shi ne zai yi ɓarna. A kuma yanke wa kundi wa'adin da za a share shi.

7.3 Ambaliya

Uwayen garke ƙididdigaggu ne, burauza kuwa yawan masu amfani ne yawanta. Kuskure ɗaya da ke maimaita kansa cikin zagaye na iya haifar da dubban saƙonni daga waya ɗaya, har kundin ya danne manhajar da aka ce ya tsare. Saboda haka a ƙayyade adadin da kowace burauza za ta aika, a dunƙule saƙonni masu kama da juna a rubuta yawansu, ƙananan matakai kuma a ɗauki samfuri kawai. Wata dabara mai kyau ita ce burauza ta riƙe saƙonnin mataki na 7 na baya-bayan nan a wurinta, ba za ta aika su ba sai in kuskure ya faru. Daɗin daɗawa, in aika kundi ya gaza, kada gazawar ta zama sabon saƙon da za a sake ƙoƙarin aikawa ba iyaka.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa tun da aikin manhaja ya rabu tsakanin uwar garke da burauza, kundin ɓangare ɗaya ya daina wadatarwa. Mun bi hanyoyin kama saƙon burauza da aika shi, mun kuma nuna cewa haɗa kundin biyu na bukatar siga ɗaya da lambar shaida ɗaya da gyaran lokaci. Haka nan mun ja hankali ga tace abin da ya fito daga waje, da kare sirrin jama'a, da ƙayyade yawa.

Shawararmu ga malaman da ke koyar da tsara manhaja ita ce su sa wannan batu cikin darasi tun daga aikin farko da ɗalibi zai yi. A ba shi ƙaramar manhaja, a yanke layin sadarwa a tsakiyar aiki, a ce ya faɗi abin da ya faru daga kundi kaɗai. Ga cibiyoyinmu da ke karɓar kuɗi da takardun jama'a ta intanet kuwa, muna ganin ya dace lambar shaidar aiki ta riƙa fitowa a allo duk lokacin da aka samu matsala, domin mai ƙorafi ya zo da ita a hannu, ma'aikaci kuma ya nemo labarin tun daga farkonsa har ƙarshe. Muna fatan mahalarta wannan taro za su duba kalmomin da muka yi amfani da su a nan, su gyara waɗanda ke bukatar gyara, domin a samu matsaya guda wajen koyar da wannan fanni da Hausa.